Barkwancin Da Babu Ramuwa

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana shi sai ya samu ta dare.

Akwai abu ɗaya da ke haɗa kan ɗaliban Arewa cikin minti biyar, ko da jiya sun kwana suna rigimar siyasa ko ta aƙida: a ɗora guntun fim ɗin Kudu inda aka nuno Bahaushe. Kun san shi ai. Maigadi ne, yana zaune kan benci a bakin get, ga rediyo manne a kunne, ga buta a gefe, haƙora jajur da goro. Ba shi da suna sai "aboki". Idan ya buɗe baki Turancinsa ya karkace, mai gida ya daka masa tsawa, shi kuma ya washe baki yana sara masa. Duk ranar da aka ɗora irin wannan sai ka ga martani kamar ruwan sama: an raina mu, ba su san muna da farfesoshi ba, ba su san Ɗangote ba. Kuma muna da gaskiya. Wanda ya yi bautar ƙasa a Kudu ya san yadda wannan hoton yake riga ka isa wuri. Kafin ka faɗi sunanka an gama auna iya abin da ke cikin kanka.

To yanzu mu juyo da kyamarar gida. A finafinanmu na Hausa, waye aboki?

Tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau masana'antar Kannywood ta girma, ta samar wa dubban matasa abinci, ta kai Hausa inda ko rediyo bai kai ta ba. Amma idan aka zo fagen ban dariya, mutanen da ake ɗauko su ba su canza ba. Ga Bafulatanin daji da sandarsa a kafaɗa, ya shigo birni an damfare shi kuɗin sa. Ga Bagwari, ga ɗan ƙabilar Ibo mai shagon kayan gyara da ba ya tunanin komai sai riba, ga Babarbare, ga baƙauye da bai taɓa ganin fanka ba. Sunayen da wasu 'yan wasa suka yi fice da su ma sun isa shaida, irin su Ɗan Gwari da Baban Chinedu. Ba na musun gwanintarsu. Marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah Ya jiƙansa, da ya rasu a Disambar 2014, har yau ba a cike gurbinsa ba. Maganata a kan tsarin take: an ware wasu mutane an ce ku aikinku a fim shi ne a yi muku dariya. Mutanen da muke kira Gwari ma, su Gbagyi suke kiran kansu, kuma da yawanmu ba mu taɓa damuwa mu sani ba.

Na san amsar da za a ba ni: "Haba Hajiya, ai wasa ne. Mu da muke da barkwanci tun kaka da kakanni?"

Gaskiya ne muna da shi, kuma yana cikin abubuwan da nake alfahari da su. Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Yarabawa. Je ka kasuwar Nguru ka tsaya wajen 'yan dabbobi. Bafulatani ya kawo ɗan maraƙi, dillali Bamange ya tare shi: "Bawana ya iso, me ka kawo wa ubangidanka?" Kafin ya rufe baki an mayar masa da wadda ta fi zafi, 'yan kallo su kwashe da dariya, a tafa, a shiga ciniki. Abin da ya sa wannan yake da daɗi shi ne ramuwa. Kowa yana da baki, kowa yana tsaye a gaban ɗan uwansa, kuma kowa ya san iyakar da ba a tsallakewa. Idan wasan ya yi nauyi, a fuska za ka gani ka ja birki.

A fim babu wannan. Mutum ɗaya ne ya rubuta labarin, shi ya zaɓi wanda zai yi zolayar, shi kuma ya sa wani ya shiga rigar wanda za a zolaya ya rubuta masa amsar wauta. Wanda ake yi dominsa yana can zaune a gidan kallo a Gashua, ya biya kuɗinsa, ba shi da hanyar cewa uffan. Gobe a maimaita, jibi a maimaita, miliyoyin mutane suna gani. Barkwancin da aka cire wa ramuwa ya tashi daga wasa ya koma tambari, irin wanda ake ɗana wa dabba da wuta.

Bari in kawo shi kusa, yankinmu. A Gashua na tashi, hutu kuma a Nguru nake yi wurin innata. Wanda bai san wajen ba yana ɗauka duk Yobe abu ɗaya ce. Tsakanin garuruwan nan biyu kawai, ta Jajimaji, za ka ji Badanci, ka ji Manganci, ka ji Fillanci, ga Hausa da ta zama ta kowa. Nguru nan layin dogo daga Kano ya tsaya tun 1930, shi ya sa garin ya tara jama'a daga ko'ina, har da 'yan Kudu da aka haifi kakanninsu a can. Mai shayin unguwar innata harshe huɗu yake sayar da shayi da su, ya juya wannan ya juya wancan ba tare da ya lura ba. Amma idan ya yi Hausa wani lokaci sai ya ce "matata ya tafi kasuwa". Wannan jimlar ita ce jarin rabin barkwancin finafinanmu.

Ko kun taɓa tambayar me ya sa haka? Hausa tana raba namiji da mace a cikin nahawunta: ya zo, ta zo, nasa, nata. Barbarci, wanda Manganci reshensa ne, ba ya yin wannan rabon. Haka Yarabanci, haka harshen Ibo. Kalma ɗaya ce take tsaya wa "shi" da "ita". Haka nan Barbarci ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, don haka wanda ya tashi da shi sai ya yi aiki kafin ya bambanta "kafa" da "ƙafa". Ka ga ke nan abin da muke wa dariya alama ce ta mutumin da ya ɗauki harshe na biyu ko na uku ya ɗora a kan nasa. Sau da yawa kuma mai dariyar harshe ɗaya tak gare shi, Turancin ma da yake taƙama da shi, idan ya je Legas shi ne abokin.

Illar tana nan a ɗakunan kwananmu. Akwai wata ƙanwata a makaranta, 'yar aji ɗaya daga wajen Nguru, na lura duk lokacin da mahaifiyarta ta kira sai ta fice can bayan hostel, wajen tankin ruwa, tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai laifi. Ran nan na ce mata, "Ke kuwa lafiya? Ko wani ne ya samu shiga ba mu sani ba?" Ta yi murmushi ta ce, "Wallahi Anti, Mama ce. Ba ta jin Hausa sosai, in na yi yarenmu a ɗaki sai su kama kwaikwayona da muryar 'yan fim, har a aji." 'Yan ɗakin nata ba mugaye ba ne, na san su, tare suke cin abinci a kwano ɗaya. Sun dai haddace murya ɗaya da ake ba irin waɗannan mutane a allo, da suka haɗu da mai ita a zahiri sai suka ɗora mata.

Yarinyar da take ɓuya don ta gaisa da uwarta, kuna ganin za ta koya wa 'ya'yanta wannan harshen? A cikin garin Gashua yau, gidaje nawa ne iyaye suke Badanci 'ya'ya suna amsawa da Hausa? Badanci ɗan uwan Hausa ne na jini, duk dangin harsunan Chadi ne, shi da Ngizim. Marigayi Farfesa Russell Schuh ya taso tun daga Amurka ya shafe shekaru yana aiki da masananmu har aka fitar da ƙamus na harsunan Yobe, ciki har da Badanci. Baƙo ya ga abin adanawa, mu kuma muna koya wa yaranmu jin kunyarsa. Ban ce fim kaɗai ya jawo ba, akwai kasuwa, akwai auratayya, akwai makaranta. Amma fim ne ya sa wa abin dariya, kuma matashi zai iya jure duka, ba zai iya jure dariya ba.

Wani masanin sadarwa Ba'amurke, George Gerbner, tun shekarun 1970 ya yi bayanin cewa talabijin ba ya canza mutum da shiri ɗaya. Kamar noma yake, yau yayyafi gobe yayyafi, har abin da kake gani kullum ya zama shi ne ma'auninka na duniya. Mu mata mun fi kowa sanin wannan yayyafin, domin a jikinmu yake sauka.

Ku rufe ido ku kawo jarumar fim ɗin soyayya. Wace kala ce? Yanzu ku kawo 'yar aikin gidan, ko ƙawar da ke rakiya, ko wadda aka yi wa saurayi auren dole da ita yana gudu. Akwai jarumai baƙaƙe da suka yi suna, amma kowa ya san inda ma'aunin ya karkata. Littattafan soyayya da muka taso da su ma haka: fara, doguwa, dogon hanci, gashi har gadon baya, kai ka ce Balarabiya. Ga finafinan Indiya da aka fassara da muke kwana kallo, alhali su kansu Indiyawan suna fama da wannan ciwon, har kamfanin man Fair & Lovely ya canza masa suna zuwa Glow & Lovely a 2020 saboda matsin lamba. Ga tacewar waya da ke wanke fuska kafin a ɗora hoto. Sannan ga samari a dandali suna cewa "fara ko mayya ce", wai wasa.

Mu 'yan gefen Sahara ne. Rana ta Nguru ba ta wasa, yawancinmu baƙaƙe ne ko wankan tarwaɗa, haka iyayenmu suke kuma haka aka aure su ana rububi. Amma shiga hostel ɗin mata a kowace makaranta ka duba saman loka. Kwalabe ne marasa suna, haɗin wata mai sayarwa a WhatsApp, wannan na safe wannan na dare. Yarinya ta zo aji ɗaya da kalarta mai kyau, kafin aji uku fuska ta yi fari, gaɓoɓin yatsu sun ƙi, kunci ya ƙone ya yi ja. Wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2011 ya ambaci cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da man ƙara haske, kuma a 2023 NAFDAC ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Wasu mayukan suna ɗauke da sinadarin da ke sirantar da fata har rauni ko ɗinkin tiyata ya ƙi warkewa da wuri. Wasu suna ɗauke da sinadarin makuri, wanda ke lalata ƙoda.

Idan aka ce ƙoda, ɗan Gashua ba ya buƙatar ƙarin bayani. Da wuya ka samu unguwar da ba ta yi jinyar ciwon nan ba, mun san zirga-zirgar wankin ƙoda, mun san gonakin da aka sayar. Wannan annoba tamu tana da nata musabbabin da masana ke bincike a kai, ta kama dattawa da manoman da ba su taɓa shafa komai ba. Abin da nake cewa shi ne, garin da ke ɗauke da wannan kaya bai kamata 'ya'yansa mata su sayo ƙari da kuɗin makarantarsu ba, don kawai su yi kama da wadda aka haska da fitila uku a fim.

Sai kuma mu, 'yan jami'a. Matan finafinanmu kusan kala huɗu ne: mai haƙuri da ke kuka daga farko har ƙarshe, kishiya mai bin bokaye, uwar miji mai baƙar zuciya, sai 'yar boko. Ita 'yar boko kun san ta. Gyale a kafaɗa, cingam a baki, ba ta iya dafa ko ruwan zafi ba, tana yi wa uwar miji Turanci, motar Alhaji tana jiranta a bakin hostel. A ƙarshen fim dole ta yi nadama, ko ta gamu da cuta, ko ta dawo tana durƙuso. Ɗan jami'a namiji kuwa shi ne jarumin, ya gama karatu ya dawo da mota. Akwai masu irin wannan hali a makarantu, ba wanda ya musa. Amma ina sauran? Ina wadda ke sayar da awara a hostel tana biyan kuɗin rajista? Ina mai goyo da ke shiga jarrabawa ta bar jariri wurin ƙawarta a bakin aji? Su ne mafiya yawa, kuma labarinsu ya fi daɗin ji.

Wannan ba maganar fatar baki ba ce, a gidanmu ta faru. 'Yar kawuna ta ci jarrabawa ta samu gurbin karatu, kawu ya ce atafau. Mutum ne mai son 'ya'yansa, manomin shinkafa, bai taɓa taka harabar jami'a ba. Na je na durƙusa na gaishe shi, na kawo maganar. Ya ce, "Ke 'yar nan, ke Allah Ya tsare ki, amma ni ba zan kai 'yata inda ake lalacewa ba. Ai muna gani a fim." Hujjarsa ke nan gaba ɗaya. Shekara guda ta tafi a haka, yarinya tana gida tana kuka. Da aka sake zagayowa, yayana ya yi dabara ya ɗauke shi a babur wai rakiya, ya shiga da shi Jami'ar Tarayya ta Gashua, wadda aka kafa a 2013, a nan bakin ƙofarmu. Kawu ya zauna a inuwa kusan awa biyu yana kallon 'yan mata da hijabansu da littattafansu suna sauri kada su makara, aka kira azahar ya bi sahu ya yi salla da ɗalibai. A hanyar komawa bai ce komai ba. Bayan kwana uku ya aiko a sake cike mata takarda. Yanzu tana aji biyu. Awa biyu na gani da ido suka rushe abin da fim ya gina shekara ashirin. Amma iyaye nawa ne a Karasuwa da Machina da Yusufari suke da wanda zai ɗauke su a babur?

Labarai ma ba su bar mu ba. Faɗi "Yobe" a gaban ɗan Kano ko ɗan Sakkwato, ba ma ɗan Legas ba, ka ga yadda fuskarsa za ta canza: "Kai, ya kuke fama?" Abin da ya faru a Buni Yadi a 2014 da Dapchi a 2018 gaskiya ne, ciwonmu ne, ba ma so a ɓoye shi. Amma kyamara ba ta san hanyar garinmu ba sai an yi jini ko ambaliya. Ba ta zo ta ga dausayin Haɗeja da Nguru ba, inda tsuntsaye ke tasowa tun daga Turai su yi hunturu a Dagona. Ba ta ga bikin kamun kifi na Bade a Gogaram ba, ko matan da ke turara shinkafa da masu bandar kifin da ake lodi zuwa Kudu. Ba ta ga masuntan da ke yaƙi da ciyawar kachala da ta toshe musu hanyoyin ruwa ba, wanda shi kaɗai ya isa fim guda. Abin da Kudu ta yi wa Arewa, shi Arewa ta yi wa gabashinta.

Masu shirya fim za su ce kasuwa ce, abin da mutane ke so suke bayarwa. Akwai gaskiya a ciki, amma kasuwar ta nuna tana karɓar wani abu daban. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, gari guda mai ƙabilu da addinai daban-daban, inda wanda ba Bahaushe ba yake da gidansa da damuwarsa da mutuncinsa, kuma mutane suka rungume shi shekara da shekaru. Ashe ana iya sa mu dariya ba tare da an tsaya a kan wuyan wani ba.

A Amurka ma an yi irin wannan. Shirin The Simpsons ya shafe kusan shekara 30 da wani ɗan Indiya mai kanti, Apu, wanda Bature ne yake masa murya da karyayyen Turanci. Yaran Indiyawa da suka tashi a can sun sha tsokana da wannan murya a makaranta. A 2017 ɗaya daga cikinsu, ɗan barkwanci Hari Kondabolu, ya shirya fim a kan abin, a 2020 mai muryar, Hank Azaria, ya ajiye ta. Abin lura a nan shi ne ramuwar ta samu ne ranar da wanda ake zolaya ya ɗauki tasa kyamarar.

Mu kuwa kyamarar tana aljihunmu. Cikin masu gajerun bidiyon barkwanci a TikTok da Facebook akwai ɗalibai irinmu, kuma abin takaici da yawa tsohon kayan suke sake dafawa: a ɗaura rawani a karkace a yi Bafulatani, namiji ya ɗaura zani ya yi masifaffiyar mata, a shafa baƙin tukunya a yi mummuna. Haka a wasan kwaikwayon makon al'adu. 'Yan uwa masu wannan baiwa, ga shawara kyauta. Idan za ka sa Babarbare a wasanka, nemo Babarbare na gaske, ka bar shi ya rubuta amsarsa da kansa, ka ga yadda wasan zai ƙara armashi, don wallahi sun fi mu iya baƙar magana. Idan za ki rubuta labari, ki gwada jaruma baƙa wadda ba sai an yi mata bayanin cewa "duk da baƙa ce tana da kyau" ba. 'Yan Nguru da Gashua masu karanta aikin jarida da harsuna, ku ɗauki wayoyinku ku je wurin kakanninku, ku naɗo tatsuniya da Badanci da Manganci ku sa mata fassara a ƙasa. Idan ba mu yi ba, wani zai yi mana, kuma mun ga yadda yake yi.

Mu kuma 'yan kallo, kafin ka tura bidiyo a guruf, tambayi kanka abu ɗaya: da wanda ake kwaikwaya yana zaune kusa da ni, zai iya ramawa mu tafa, ko shiru zai yi ya sunkuyar da kai? In na farko ne, tura, mu ma mu sha dariya. In na biyu ne, ka tuna yadda ka ji ranar da aka kira ka aboki.

Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya bar zumunci.